Mata na lissafi a kasuwa, wasu na lissafi a banki

A wani hutu da ya wuce na raka wata innata banki neman rance. Shekara ashirin da wani abu tana sayen doya a Salaga tana lodawa zuwa Kumasi da Ankara. Ba ta yi boko ba, amma ta san kuɗin lori da na 'yan dako, ta san doya nawa za ta ruɓe a hanya in ruwa ya tare mota, duk a ka. Saurayin da ke bayan kanta ya tambaye ta takardar fili ko ta gida. Gidan na mijinta ne da 'yan uwansa, filin kuwa na sarki ne. Muka fito hannu wofi. Da muna fita na waiga na ƙirga ma'aikatan, ban ga ɗan zango ko ɗaya ba, mace guda ce tak, ita ma ƙirga kuɗi take yi a taga.

Jama'a, harkar kuɗi ba baƙuwarmu ba ce. A ƙarni na 19 fatake daga Kano da Katsina sun riƙa zuwa Salaga da kanwa da tufafi da shanu, su koma da goron Gwanja. Maigidan da ke saukar baƙi shi ne bankin wancan zamani: shi ke ajiye wuri, ya ba da bashi, ya tsaya wa baƙonsa a gaban dillali. Madugu kuwa tun kafin ayari ya tashi ya auna jaki nawa za su mutu da abin da sarakunan hanya za su karɓa. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutanenmu suka bazu Yeji da Kintampo da Kete Krachi.

Wannan aikin madugu, wato auna haɗari tun kafin ya faru, shi ne yau ya zama sana'a mai digiri. Ana kiran mai yin ta akcuwari, masanin lissafin inshora da fansho. Shi ne ke duba shekarun da mutane ke yi a duniya, da yawan gobara da hatsarin mota, ya yanke abin da za ka biya da abin da za a ba ka. Kai malamin makaranta da ake cire maka kashi 5.5 cikin ɗari na albashi duk wata, gwamnati ta ƙara kashi 13, irin waɗannan mutane ne ke lissafa ko asusun SSNIT zai iya riƙe ka bayan ka cika shekara 60. Ba a ganinsu a talabijin, amma alƙalaminsu ya fi na minista daɗewa yana aiki.

Shi ya sa ya kamata mu damu da wanda ke riƙe da alƙalamin. A Amurka, a 1881, kamfanin Prudential ya rage abin da yake biyan baƙar fata alhali kuɗin da suke zubawa ɗaya ne da na farare. A 1896 wani mai ƙididdiga na kamfanin, Frederick Hoffman, ya fitar da littafi yana cewa yawan mutuwar baƙaƙe halittarsu ce. W.E.B. Du Bois ya mayar masa da martani cewa talauci da mugun muhalli ne ke kashe su. Sai a 1952 baƙar fata na farko, Robert Randall, ya zama cikakken ɗan ƙungiyar masu wannan sana'a a can. A Ingila an kafa cibiyarsu a 1848, amma sai a 1923 mata na farko suka kai ga cikakken matsayi.

To mu nan Gana duk baƙaƙe ne, sai dai tamu wariyar ta bi layin kudu da arewa. Turawa sun buɗe banki a Ankara tun 1896. Makarantar Mfantsipim ta fara a 1876 a Cape Coast, ita kuwa arewa gaba ɗayanta ba ta samu sakandare ba sai a 1951 a Tamale. Shekara 75 ke nan tsakani. Mulkin mallaka ya ɗauki arewa a matsayin wurin ɗebo leburori na ma'adinai da gonakin koko, da sojoji da 'yan sanda. Saboda haka da aka kafa Babban Bankin Gana a 1957 da kamfanin inshora na gwamnati a 1962, waɗanda ke da takardar zama a kujerun sun riga sun samu tun kakanninsu.

Mu 'yan zango namu ya ninka. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta sa 'yan kasuwa da yawa suka bar gidaje da shaguna cikin mako biyu, har da waɗanda nan aka binne cibiyarsu. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola suka ɗora wa mata laifin tsadar kaya. A 1982 aka janye takardar sidi 50, aka kuma bi asusun masu kuɗi da bincike. Tsohuwar da ta ga wannan, in ta ɗaure kuɗinta a bakin zane ko ta zuba adashi, ba jahilci ba ne. Jikokinta da suka amince, su ma sun ɗanɗana a 2019 lokacin da aka soke lasisin ƙananan bankuna 347, sannan aka rufe GN mai rassa har cikin ƙananan garuruwan arewa.

Ba na cewa ba a samu canji ba. Dokta Mahamudu Bawumia ya yi mataimakin gwamnan Babban Banki daga 2006 zuwa 2009, Dokta Abdul-Nashiru Issahaku ya riƙe gwamna daga 2016 zuwa 2017, Alhassan Andani ya shugabanci Stanbic shekaru da dama. Mata ma sun hau: Patience Akyianu a Barclays, Mansa Nettey a Standard Chartered, Elsie Addo Awadzi ta zama mataimakiyar gwamna a 2018. Amma ku duba jerin da kyau. 'Yan arewan maza ne, matan kuma 'yan kudu ne. Tun 1957 mace ba ta taɓa zama gwamna ba. 'Yar zangon Yendi ko ta Bawku tana can ƙarshen layi biyu a lokaci guda.

Illar haka a fili take. Abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi. Mai man kaɗe a Yendi da mai albasa a Bawku suna fuskantar gobarar kasuwa, da ruwan da ake saki daga madatsar Bagre, da dokar hana fita idan rikici ya tashi, amma wa ya zauna ya tsara inshorar da ta dace da cinikinsu? Dokar fansho ta 2008 ta buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu, to amma wa zai bayyana wa Hajiya ita da Hausa? Ga kuma batun riba, wanda ke hana mutanenmu da yawa kusantar banki, alhali a Nijeriya bankin Jaiz na aiki ba tare da kuɗin ruwa ba tun 2012.

Sai dai, 'yan uwa, wani laifin namu ne. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare tun da na fito kwalejin horon malamai, kuma sau da yawa wadda ta fi kowa saurin lissafi a ajina yarinya ce mai talla, don ta saba ba da canji tun tana shekara bakwai. Ranar kasuwa ba ta zuwa makaranta. Kafin ta kai aji uku an fara maganar aure, ko ta bi mota zuwa Ankara yin dako. In ma ta wuce babbar sakandare, mu malamai da iyaye mukan tura ta ajin girki da ɗinki, mu ce zurfafan lissafi na maza ne, alhali ba a ɗaukar kowa karatun akcuwari sai da shi. Kuma karatun ya matso kusa: bayan jami'ar KNUST a Kumasi, an koyar da shi a Navrongo tun tana reshen jami'ar UDS, tafiyar 'yan sa'o'i daga Bawku.

A bana akwai yarinya a ajina, 'yar mai sayar da koko, ita ke riƙe wa uwarta littafin adashin mata goma sha biyu ba tare da kuskure ba. Na je na gaishe da mahaifinta bayan sallar la'asar, na roƙe shi ya bar ta ta zaɓi ajin kimiyya idan sakamako ya fito. Ya ce, "Malam, na ji, amma sai na yi shawara da yayana."