Damin Gero Nawa Ƙasa Ta Girbe?

Manomin karkara ya san lissafinsa. Tambaye shi abin da ya samu bana, zai ce maka dami kaza na gero, buhu kaza na masara, ya kuma san watan da rumbu zai kai shi. Gwamnati ce ke shan wuyar irin wannan lissafi, alhali tambayoyin da ke gabanta sun fi nauyi: tan nawa na taki za a tanada, a rufe iyaka ga shinkafar waje ko a buɗe, yaushe za a fitar da hatsi daga rumbunan ajiya, kuma wa za a ba. Duk amsar da aka bayar ba tare da alƙaluma ba, shaci-faɗi ce, kuma talaka ne ke biyan kuɗinta a bakin mudu.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana ba ƙasashe shawarar su ƙidaya harkar nomansu duk shekara goma. Najeriya ta yi tata a 1993 zuwa 1994, sannan ta yi shiru har 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake fita da tallafin Bankin Duniya da FAO. Rahoton da ya fito a 2024 ya nuna gidaje kimanin miliyan 40.2 ne ke noma, kiwo ko kamun kifi, Kano ce kan gaba da wajen miliyan 2.4, Kaduna na biye da ita. A tsakanin ƙidayar biyu an yi kusan shekara talatin. Cikinsu ne aka yi rabon taki ta wayar salula a 2012, aka ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Kebbi a 2015, aka rufe iyakokin ƙasa a 2019. Manyan hukunce-hukunce ne, kuma an yanke su ba tare da sabuwar ƙidayar waɗanda aka ce dominsu ake yi ba.

Ba wai babu komai a tsakani ba. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana zagaya jihohi kowace damina ta fitar da hasashen amfanin gona. Sai dai hasashe na shekara yana bukatar tushe, kuma ƙidaya ce tushen. Aikin kansa ma ba sauƙi gare shi ba. Dami ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, haka tiya. Gona guda tana ɗauke da gero, dawa da wake a cakuɗe. Shi ya sa ma'aikaci ke zagaye gonar da na'urar GPS don ya san faɗinta na gaskiya, ya keɓe ɗan yanki, a girbe shi, a sussuke, a busar, a ɗora a sikeli.

Abin da ya faru a Nijar a 2005 ya kamata kowane mai tsara manufa ya riƙe. A daminar 2004 an yi ƙarancin ruwa, fara kuma ta sauka. An auna girbi, aka ga giɓi, amma ba giɓin da zai sa a zaci bala'i ba. Abin da ba a sa wa ido sosai ba shi ne kasuwa. Hatsi ya yi tsada a Najeriya ma, maƙwabta suka riƙe nasu, farashin gero ya yi tashin gwauron zabi, na dabbobi kuma ya faɗi, har makiyayi ya sayar da akuya bai sami abincin kirki ba. Yunwar ta fi cin yara a yankunan Maraɗi da Damagaram, inda ake noma hatsin ƙasar. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a shekarar. Akwai gero a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Alƙaluman girbi sun faɗi gaskiya, amma rabin gaskiya. A yau tsarin Cadre Harmonisé na ƙungiyar CILSS, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke jagoranta, yana haɗa girbi da farashi, da halin makiyaya, da awon damtsen yara, kafin a ce ga yankin da zai shiga wahala a lokacin bazara da farkon damina. Wanda bai san farashin hatsi a kasuwannin Dawanau da Jibiya ba, bai san halin da Maraɗi za ta shiga ba.

Inda duhu ya fi yawa shi ne dabbobi. Babban binciken da aka yi ta jirgin sama a farkon shekarun 1990 ya ƙiyasta shanun Najeriya a kusan miliyan 14, kuma an daɗe ana ɗora ƙari na shekara-shekara a kan wannan adadi. Makiyayi kuwa yana da dalilinsa na ƙin faɗin yawan garkensa, don kakanninsa sun san jangali, sun san cewa ƙidaya takan zo da haraji a bayanta. Manomi shi ma yakan rage idan ya ji ƙanshin haraji, ya ƙara idan ya ji na tallafi. Ban ga laifinsu ba. An sha tambayarsu, ba a cika komo musu da sakamako ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 ba za ta san allurar rigakafi nawa za ta saya ba, ko burtalin da za ta fara karewa, sai ta zauna da arɗo da mai unguwa ta gamsar da su a kan abin da za a yi da adadin.

Bisa ma'aunin shekara goma, ƙidaya ta gaba tana faɗowa ne a 2032. Kuɗinta ya kamata ya fito daga kasafin ƙasa, kada a jira mai ba da tallafi, sakamakonta kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.