WURIN AJIYE MOTA NA NAƘASASSU: HAKKIN WANE NE, KUMA INA RUWAN MAI JUNA BIYU?

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wani fili da ake warewa kusa da ƙofar asibiti, banki ko ma'aikata, wanda aka zana wa hoton mutum a kan keken guragu.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wata ranar awo wata baiwar Allah daga Runjin Sambo ta shigo mana a galabaice, da ciki wata takwas. Maigidanta tsohon soja ne da ya rasa ƙafa ɗaya a bakin aiki, kuma shi ya tuƙo ta. Sun tarar wani lafiyayye ya tsaya a filin da aka ware, sai suka ajiye mota can nesa. Shi yana dogara sanda, ita tana ɗauke da jaka, ga ranar Sakkwato da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai da ta huta sosai kafin muka iya auna jininta.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Wannan alama ta keken guragu an ƙirƙiro ta ne a shekarar 1968, kuma yanzu duk duniya ana amfani da ita. A Amurka, jihohi kan ba tsofaffin sojoji da suka naƙasa lambar mota ta musamman. A jihar Texas, tun daga watan Janairu na 2022, sai lambar tana ɗauke da alamar keken guragu sannan mai ita yake da ikon tsayawa a filin naƙasassu. Dalili kuwa shi ne filin na wanda tafiya ke yi wa wuya ne. A Ingila kuma shuɗin kati ake bayarwa, a ajiye shi a gaban gilashin mota. Katin na mutum ne ba na mota ba, don haka yana aiki ko da wani ne ya ɗauko mai shi.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Dokar ba ta ware tsofaffin sojoji daban ba, ta haɗa kowa: sojan da ya samu rauni, matar da shan inna ya taɓa, da wanda ya yi haɗarin mota. Ga kaɗan daga abubuwan da ta tanada:

1. A ware fili mai alama domin naƙasassu a wuraren ajiye motoci na jama'a.
2. Motar da za ta tsaya a wurin ta kasance tana ɗauke da alamar da ta dace.
3. Lafiyayyen da ya tsaya a filin, ko ya tare shi da gangan, zai biya tarar Naira 5,000 idan kotu ta same shi da laifi. Amma babu laifi idan akwai naƙasasshe a cikin motar.
4. A fara sauraron naƙasasshe a kan layi.
5. Wanda ya nuna wa naƙasasshe bambanci zai iya fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu.

Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi gyara, kamar gina hanyar da keken guragu zai hau. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024.

Shin ciki naƙasa ne?

A'a. Mai ciki da ke da lafiyar ƙafafunta ba ta cikin waɗanda dokar ta ware wa wannan fili, kuma ɗan tattaki ma yana da amfani gare ta. Abin da ya kamata shi ne maigida ya sauke ta a bakin ƙofa, ya wuce ya ajiye mota inda kowa ke ajiyewa. Haka mai kabu-kabu ko mai keke napep: ya sauke, ya matsa.

Amma akwai masu ciki da filin hakkinsu ne, wato masu amfani da keken guragu ko sanda. Filin yakan fi saura faɗi domin a buɗe ƙofa gaba ɗaya a fito da keke. Idan ciki ya tsufa, fitowa daga mota a matsattsen wuri yana iya jawo faɗuwa, faɗuwa a kan ciki kuwa tana iya sa mabiyiya ta ɓalle, jini ya tsinke.

Me ya sa muka damu?

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun daga 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Matar da ta sha wuya a zuwan farko, da ƙyar take yarda ta dawo, alhali kuwa ita ce ta fi buƙatar awon. Wadda shan inna ya taɓa tun tana yarinya, wani lokaci ƙugunta kan karkace, sai likita ya duba ko za ta iya haihuwa da kanta ko sai an yi mata aiki. Wadda ta samu rauni a laka kuma, mai yiwuwa ba za ta ji ciwon naƙuda yadda sauran mata ke ji ba. Duka biyun a asibiti ya kamata su haihu.

Haka nan tare bakin ƙofar gaggawa yana da haɗari ga kowace mace. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2 idan ba a yi taimako ba. Mai jijjiga kuma ba ta iya taka ƙasa, sai an ɗauko ta a kan gadon turawa daga bakin mota.

Shawarwari ga iyali

* Idan kina da naƙasa, ki sanar da ungozoma tun ranar da kika yanki kati, domin a tsara haihuwarki da wuri.
* Idan ke ko maigidanki kuna da naƙasa, ku nemi takardar likita, ku tuntuɓi Hukumar Kula da Naƙasassu a kan takardar shaida. Ku ajiye kwafinta a cikin mota.
* Tsohon soja ya riƙa tafiya da katin shaidarsa da takardun jinyarsa.
* Ku shirya abin hawa da wanda zai tuƙa tun ciki yana wata bakwai, ko da naƙuda za ta zo cikin dare.
* Idan kun ga jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani, fashewar faya, ko jariri ya daina motsi, ku nufi ƙofar gaggawa kai tsaye. Ku sauke mara lafiya, sannan ku janye motar nan take.
* 'Yan barka da 'yan dubiya su ajiye mota nesa da ƙofa.
* Kada a ari alamar wani. Yin haka cin hakki ne.

Maigida, kafin ka ce "ai minti biyar kawai zan yi", ka tuna cewa wanda aka ware wa wurin yana iya isowa cikin wannan minti biyar ɗin. Gobe kuma mai yiwuwa matarka ce ko 'yarka za a kawo cikin gaggawa. Mai tambaya a kan wannan batu ya same mu a ɗakin awo.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana abin da za a haifa, amin.