Bayan Gashi: Matan Birnin Zariya da Hanyar Shika

Ranar da aka sallamo mace daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, bayan an cire mata mahaifa ko an gama yi mata gashin sankara, gida yakan cika da 'yan barka. Mako biyu sai ƙafa ta ɗauke. A wurin dangi magana ta ƙare. Likita kuwa yanzu ya fara sa ido, domin sankarar bakin mahaifa, wadda ta hallaka mata kusan 8,000 a Najeriya a 2020, in za ta dawo galibi cikin shekara biyun farko take dawowa. Shi ya sa ake son ganinta duk wata uku ko huɗu, daga baya duk wata shida, har shekara biyar.

Daga unguwar Kwarbai a cikin birnin Zariya zuwa Shika tafiya ce. A fita ta Ƙofar Doka, a ratsa Tudun Wada da Kwangila da Samaru, kuɗin mota na mutum biyu, ga maigidan da jinya ta riga ta karya wa jari. Asusun tallafa wa masu sankara na gwamnatin tarayya ya haɗa da Shika, amma na magani ne, ba na mota ba.

Sai dai a ganina wadda ta samu ta je ma ba duka kukanta ake ji ba. Gashi yakan busar da gaban mace ya tsuke shi, al'ada ta ɗauke tun da ƙuruciya, ƙafa ta kumbura, kwanciyar aure ta koma azaba. Wannan ne ke hana ta barci, musamman mai abokiyar zama. To, yaya za ta faɗa wa likita namiji, ɗalibai na tsaye, layi na jira a waje? Ya ce, "Hajiya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, likita." A rubuta, a sa mata wata rana.

Alhali akwai taimako: man shafawa, da wata roba da ake koya wa mace amfani da ita don kada wurin ya rufe. Ma'aikaciyar jinya mace, a keɓe, ita ta dace ta fara tambaya. Amfani da robar ba don aure kaɗai ba ne: wurin da ya tsuke nan ne likita yake dubawa ya gano ko cutar ta dawo.