Lofe Na Neman Magada a Vom

Tun kafin a kafa tashar binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924, dattawan Birom suna zuƙar taba da lofe. Da yumɓu ake gina kansa, a shanya shi a inuwa don kada ya tsage, a gasa, sa'an nan a rarake kara a zura masa. Sigari ne ya karya kasuwarsa, musamman bayan buɗe masana'antar taba ta Zariya cikin 1959.

Mai koyon sana'ar yau da gyara zai fara: ya kankare kunkunniya, ya liƙe tsaga, ya sake kara. Likitoci sun tabbatar taba tana jawo ciwon daji, saboda haka darajar lofe ta koma ta kayan tarihi. Amma idan magina suka ƙare ba magada, wa zai gyara na kakanni?