Zama da Gwani Mai Kaifin Harshe

A ƙasar Ingila akwai mutanen da suka ɗauki gyaran tsofaffin taraktoci abin sha'awa, musamman ƙirar Ferguson TE20 wadda aka ƙera a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956. A cikinsu ba a rasa dattijo masani wanda ba ya tauna magana.

Alal misali, akwai nau'in wannan tarakta da ake tayarwa da fetur, sai inji ya ɗau zafi sannan a juya shi ga wani mai dangin kananzir. Idan sabon shiga ya yi gaggawar juyawa, man ba zai ƙone duka ba, sai ya gangara ya tsinka baƙin mai, kayan cikin inji su yi saurin lalacewa. Gwanin da ya ga haka yakan gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya tafka wauta.

Abin da ya kamaci mai koyo shi ne ya bambance zafin lafazi da ingancin bayani. Ya tambayi dalili cikin ladabi, ya jarraba, sannan ya koma da sakamako. Hausawa na cewa gaskiya ɗaci gare ta. Wanda ya yi fushi ya juya baya, aljihunsa ne zai ɗauki asarar injin.