Komawa Sana'a Bayan Arba'in: Yadda Nono Ba Zai Janye Ba

 

Yau zancenmu a kan mai jegon da ta gama wanka ne. An yi arba'in, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, gwaggon da ta zo taya zama ta ɗaure kayanta ta koma gida. Ga jinjiri a hannu, ga sana'a tana jira. Mai ƙosai ta koma bakin kasko tun asuba, mai ɗinki ta hau keke, mai kitso ta shimfiɗa tabarmarta. Wata kuma 'yarki ce ko matar ɗanki, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, hutun haihuwa ya ƙare, za ta riƙa bar miki jika da safe. To, a nan ne ake fara kukan nono ya janye, yaro ba ya ƙoshi. Sai a ɗauko ruwa, ko koko, ko madarar gwangwani. Kwana kaɗan yaro ya kama zawo, ya rame, ribar sana'ar ta ƙare a sayen magani.

Bari mu fara da sanin yadda nono yake zuwa. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ce ke sa ya kawo. Duk lokacin da yaro ya kama yana tsotsa, saƙo yana zuwa ƙwaƙwalwar uwa, sai jiki ya saki wani sinadari da likitoci ke kira furolaktin, wanda ke sa a haɗa sabon nono. Akwai kuma na biyu, oksitosin, shi ke turo nonon waje. Shi ne zirr ɗin nan da kike ji in yaronki ya yi kuka. Idan kuwa aka bar nono ya cika ya daɗe ba a sha ba, sai jiki ya ɗauka ba a bukata, ya rage haɗawa. Kin ga ke nan abin da ke janye nono shi ne tsallake shayarwa, ki ce bari in gama wannan kaskon, bari in ƙarasa wannan rigar, har awa huɗu ko biyar ta wuce.

Jinjiri yana bukatar ya sha sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Saboda haka ke mai sana'a a cikin gida, kin fi kowa sa'a, tunda ɗanki yana kusa da ke. Ki ba shi ya ƙoshi kafin ki hura wuta. Ki kwantar da shi inda idonki yake kai, amma nesa da hayaƙi da mai mai zafi. Da kin ga yana motsa baki, yana tsotsar hannu, sauke abin da kike yi ki ɗauke shi, kada ki jira sai ya shiɗe da kuka. Ki bar shi ya sha ɓangare ɗaya har ya saki da kansa kafin ki juya shi, domin nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. Kada kuma ki yi wasa da shayarwar dare, don da dare ne sinadarin nan mai haɗa nono ya fi yawa a jiki.

Ita kuwa mai fita aiki, dabararta ita ce tatsa. Ta fara koyo kamar mako biyu kafin ta koma. Ta wanke hannu da sabulu, ta sami kofi mai murfi da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ta ɗora babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a gefen baƙin da ke kewaye da kan nono. Ta danna ciki wajen ƙirji, ta matsa, ta saki, tana zagayawa. Ba a jan kan nono, ba a murza shi. Ranar farko ƙila cokali biyu za a samu, kada ta karaya, hannu yana sabawa. A wurin aiki ma ta tatsa duk bayan kamar awa uku, ko da ba ta da inda za ta ajiye, don kada jiki ya rage. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. A Nijar hutun mako 14 ne. Jihar Kaduna ma ta mai da na ma'aikatanta wata shida a shekarar 2019.

Ke kuma kaka da aka bar wa jika, ga naki. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, a rufe. Lokacin bazara kada a bari ya kai haka, a sa kofin cikin kwanon ruwan randa. A firij mai wuta tsayayya yana kai kwana 4. Ba a dafa shi, sai dai a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. A zaunar da yaro, a kai ɗan kofi bakinsa ya riƙa kurɓa da kansa, ba ɗura ba. Kofi ya fi bulumboti, don bulumboti yana da wuyar wankewa, yana tara ƙwayoyin cuta. Abin da yaro ya rage, a zubar.

Akwai maganar da ake yi wai in uwa ta yini a waje ta sha rana, nononta ya yi tsami. Wannan ba haka ba ne. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa, tana dawowa ta wanke hannu ta ba ɗanta. Haka zancen ruwa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, don haka ko ana zafin Afrilu, yaro mai ƙishi nono za a ƙara masa. Duk ruwan da ya cika masa ciki, tsotso ɗaya ya rage ke nan.

Sai abincinki. Sau da yawa mai sana'a ta ciyar da unguwa, ita ba ta karya ba. Ki ware naki tun farko. Ki ci wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi ko hanta in da hali, ki sha kunun gyaɗa da fura da nono. Ki ajiye kofin ruwa kusa da ke, ki sha duk lokacin da kike shayarwa. Amma a yi hattara da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa tare da tsananin zafin wankan jego yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In kin ga ƙafa ta kumbura, numfashi yana yi miki wuya, a tafi asibiti ranar.

To, yaya za ki gane yaro yana ƙoshi? Zai yi fitsari aƙalla sau 6 a yini da kwana, fitsarin ba mai duhu ba, kuma nauyinsa yana hawa in an je awo. In kin ga nonon ya ragu, ki rage aiki na kwana biyu ko uku, ki rungume ɗanki ki yawaita ba shi, zai dawo da yardar Allah. In nono ya kumbura, ya yi ja, ga zazzaɓi, kada ki daina shayarwa, ki gaya wa maigida a kai ki asibiti. In za ki karɓi maganin tazarar haihuwa, ki faɗa musu kina shayarwa, don wani irin yana rage nono.

Uwar miji, abokiyar zama, ku taimaka. Ki karɓar mata ludayi na minti goma ta shayar, gobe ke za a yi wa. Maigida kuma a ƙara cefane, a rage faɗa, don ɓacin rai yana hana nono saukowa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, a huta lafiya.