Burin Shekara a Kan Keke: Yadda Ake Ɗaukar Sa da Yadda Ake Bin Sawunsa

Burin shekara ga mai hawan keke wani adadi ne da yake ɗaukar wa kansa tun farkon shekara: ko kilomita kaza zai rufe, ko sa'o'i kaza zai yi a kan sirdi, ko wata doguwar tafiya guda da yake so ya iya kafin Disamba ta fita. Ba 'yan tsere kaɗai abin ya shafa ba. Ma'aikacin da ya koma keke bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, da dattijon da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, da samarin da ke haɗuwa da sassafen Asabar su fita bayan gari, kowannensu yana iya cin moriyarsa. Amfaninsa a fili yake, domin shi ke fitar da mutum daga gida ranar da kasala ta danne shi. Illarsa ce ba a cika faɗa ba: adadin da aka ɗauko da ka yakan kai mai shi ga ɗayan biyu, ko ya jingine keken tun watan Maris, ko ya takura wa jikinsa har ya ji ciwo.

Yawancin kuskure daga wurin zaɓen adadin yake farawa. Mutum ya ga wani ya wallafa cewa ya yi kilomita 10,000 a shekara, sai shi ma ya rubuta haka, bai tambayi irin keken mutumin ba, bai san irin titinsa ba, bai san ko yana da wani aiki ban da hawan ba. Akwai waɗanda suka mayar da lissafin shekara sana'a. Tommy Godwin, ɗan Ingila, ya yi kilomita 120,805 a shekarar 1939, wato kimanin 330 kullum, kuma ba a karya wannan tarihi a hukumance ba sai a Janairun 2016. Amanda Coker ta Amurka ta kai kilomita 139,326 a shekara ɗaya da ta ƙare a 2017. Waɗannan mutane ne da suka ajiye komai, da masu dafa musu abinci da masu gyara musu kekuna. Labarinsu abin sha'awa ne, amma babu abin da mai shago ko malamin makaranta zai auna kansa da shi a ciki.

Ma'aunin da ya fi dacewa da mai son lafiyar jikinsa shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya. A shawarwarin da ta fitar a 2020 ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. A kan keke, wannan sa'a biyu da rabi ne zuwa biyar. Mai tafiyar kilomita 18 a sa'a, wanda gudu ne na mai matsakaicin ƙarfi a titi mai kyau, zai rufe kilomita 45 zuwa 90 a mako.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Wanda ya ce zai yi kilomita 3,000 yakan raba shi gida 52, ya sami kusan 58 a mako, ya ga abu mai sauƙi. Sai dai babu mai hawan keke makonni 52 cur. Akwai azumi da shagulgulan salla biyu, akwai makon da zazzaɓin cizon sauro zai kwantar da mutum, akwai biki da ta'aziyya da tafiyar da ba a shirya ba, akwai kwanakin da keke ke wajen mai gyara ana jiran kayan da babu su a kasuwa. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage bai cika wuce makonni 40 ba. Kilomita 3,000 a makonni 40 ya zama 75 a mako, sama da sa'a huɗu ke nan. Kilomita 5,000 kuwa ya zama 125 a mako, kusan sa'a bakwai. Tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa ita ce ina zai samo sa'a bakwai ɗin, kuma aikin wa ko haƙƙin wa zai rage. Mai zuwa aiki da keke ya fi kowa sa'a a wannan lissafi, domin tafiyar kilomita 6 zuwa da 6 dawowa, kwana biyar a mako, kilomita 60 ce, kuma a makonni 45 ta kai 2,700 ba tare da ya ware wani lokaci na dabam ba. Wanda bai taɓa riƙe lissafi ba, gara ya yi wata guda yana hawa yadda ya saba yana rubutawa, sannan ya gina burinsa a kan abin da ya gani.

Watannin ma ba daidai suke ba a ƙasar Hausa, don haka raba buri gida goma sha biyu daidai wa daida kuskure ne. Kaka da farkon hunturu su ne lokacin tara kilomita: ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi-sanyi, hanyoyin ƙauye sun bushe. Da hazo ya sauko sai a yi hattara, saboda ƙura tana tayar da asma da tari, direbobi kuma ba sa hangen nesa da safe. Bazara ita ce mai haɗari. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma hawan da ya wuce hantsi a irin wannan rana neman magana ne. A watannin nan ana rage adadi, a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Damina tana kawo sanyi amma tana cin kwanaki, tana kuma ɓoye ramuka a ƙarƙashin ruwa. Watan azumi yana dawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka jadawalin bara ba zai yi wa bana daidai ba. Mai azumi yakan taƙaita ga ɗan hawa mai sauƙi dab da shan ruwa, ko bayan ya sha ruwa ya huta, da fitila gaba da baya.

Ƙarin nisa kuma a hankali ake yin sa. Masu horarwa sun saba cewa kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata. Shawara ce mai kyau matuƙar an san iyakarta: wanda ya fara da kilomita 50 zai ninka shi cikin makonni takwas, idan kuwa ya ci gaba da haka har ƙarshen shekara lissafin zai kai shi sama da kilomita 7,000 a mako, abin da ba mai iyawa. Tsarin da ya fi zama da jiki shi ne makonni uku ana ƙarawa, na huɗu a sauko sosai. A lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa, kuma gwiwa da jijiyoyi sun fi huhu jinkirin sabawa da aiki, shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa ya yi ƙarfi alhali gwiwarsa ta fara ƙorafi.

Ga wanda tarin kilomita bai dame shi ba, buri na iya zama tafiya guda. Kilomita 100 a yini ɗaya ita ce wadda masu sha'awar keke a ko'ina suka fi ɗauka a matsayin matakin farko, kuma mai yin kilomita 70 ba tare da ya galabaita ba yana dab da ita. A Faransa da wasu ƙasashe akwai tsarin doguwar tafiya da ba tsere ba, inda ake ba mahayi sa'a 13 da rabi ya gama kilomita 200, har zuwa babbar tafiyar Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin sa'a 90, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu. Akwai kuma wani ma'auni mai ban sha'awa da ake dangantawa da masanin taurari Arthur Eddington: adadin mutum shi ne lamba mafi girma da ya yi tafiyar aƙalla wannan nisa a wannan yawan kwanaki. Mai lamba 30 ya yi kilomita 30 ko fiye a kwanaki 30 dabam-dabam. Kafin ya kai 31, sai ya sami kwanaki 31 da kowanne ya kai kilomita 31. Shi Eddington da mil yake lissafi, kuma nasa ya kai 84. Kyan wannan ma'auni shi ne bajintar rana ɗaya ba ta motsa shi.

Kayan riƙe lissafi ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, inda aka je, nisa, lokacin da aka ɗauka, da layi ɗaya kan yadda jiki ya ji. Wannan layi na ƙarshe shi aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi amfani bayan wata uku. Akwai ƙaramin agogon keke mai aiki da maganaɗisu a jikin taya, wanda sai an gaya masa kewayen tayar daidai. Ana samun wannan ta hanyar yin alama a ƙasa daidai bakin da ake hura iska, a gangara keken har tayar ta yi juyi ɗaya, a auna tsakanin alamun biyu. Tayar babban keke tana ba da mita biyu da 'yan kai. Kuskuren kashi 5 cikin 100 a nan kilomita 150 ne a burin 3,000. Sai manhajojin waya irin su Strava, wadda aka kafa a 2009, masu zana hanyar da aka bi ta tauraron ɗan'adam su tara adadin mako da na shekara da kansu. Suna cin batir, kuma sukan ɗan yi kuskure a cikin lunguna.

Manhajar tana da wani haɗari da ya wuce batir. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna motsa jiki da ita a kunne. Abin da ya tona sansanin soja ba zai rufa wa gidan mutum asiri ba. Mai wallafa tafiyarsa kullum yana sanar da duniya ƙofar gidansa, da lokacin fitarsa, da hanyar da yake bi shi kaɗai, da tsadar kekensa idan ya haɗa da hoto. A yankunan da ake fama da satar mutane da ƙwacen waya wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Manhajar tana da wurin ɓoye farko da ƙarshen tafiya, da wurin taƙaita masu gani ga waɗanda aka sani, kuma ya kamata a gyara su tun ranar farko. Mutanen gida su ne suka cancanci sanin inda mahayi ya nufa da lokacin da zai dawo.

Nisa kaɗai ba ya nuna ci gaba. Kilomita 30 a kwalta da iska a baya ba ɗaya suke da 30 a yashi ko a hawan Filato ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi wani zagaye guda da aka sani, a bi shi sau ɗaya a wata a lokaci ɗaya na safiya, a rubuta mintocin da ya ci da yadda numfashi ya kasance. Ana gane matsakaicin ƙoƙari da cewa mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, kuma mafi yawan hawan mako a nan ya kamata ya tsaya. Bugun zuciya na safe shi ma shaida ne. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu kafin a tashi daga shimfiɗa, a ƙirga na minti ɗaya. Na babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100, yana kuma sauka yayin da jiki ke ƙarfi. Idan ya haura abin da aka saba da bugu bakwai zuwa goma kwanaki a jere, ga rashin barci da nauyin ƙafa, to gajiya ce ta taru ko wata cuta ke tafe, kuma hutu ya wajaba ko da lissafi ya nuna an yi baya.

A daidai nan ne buri yakan zama abin cutarwa. Wanda ya ga Oktoba ta shigo saura masa kilomita 900 yakan fara abin da bai saba ba: hawa da zazzaɓi a jiki, fita da tsakar rana, ratsa babban titi da magariba tsakanin tifa da adaidaita sahu babu fitila babu hular kwano. Zazzaɓi da hawan keke ba sa haɗuwa. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya wuce ƙima, ko bugun zuciya da ya rikice, dalilai ne na sauka nan take a nemi asibiti. A cikin zafi, ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa alamun jiki ya ɗau zafi ne fiye da kima, kuma maganin farko inuwa ce da ruwa a jiki. Wanda ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa zai ga ruwan da ya rasa, domin kowane kilo ɗaya kimanin lita ɗaya ce. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su ga likita kafin su rubuta kowane adadi. Ciwon gaban gwiwa sau da yawa daga sirdin da ya yi ƙasa yake: idan aka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta kamata ta miƙe sak.

Littafin lissafin yana yi wa keken ma aiki. Sarƙa tana buɗewa da tafiya, ƙurar hunturu da yashi kuma suna hanzarta cin ta, idan aka bar ta sai ta cinye haƙoran giya, gyaran ya ninka kuɗi. Rubuta kilomitar da aka sa sabuwar sarƙa ko taya ko robar birki yana nuna lokacin da za a fara duba su, yana kuma nuna ko kayan da aka saya na kirki ne. Yawan zuwa wajen mai faci a wata guda alama ce taya ta ƙare ko iska ba ta isa.

Ana duba buri duk bayan wata uku. Idan an yi baya da kaɗan, watannin kaka za su cike giɓin. Idan giɓin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, a sauke adadin zuwa abin da makonnin da suka rage za su ɗauka ba tare da an wuce nisan da jiki ya saba ba. A ƙarshen Disamba ana tara abubuwa uku: jimillar kilomita, yawan makonnin da aka hau aƙalla sau biyu, da lokacin zagayen gwaji na Janairu a gefen na Disamba. Adadin baɗi daga jimillar da aka yi a zahiri ake fitar da shi, a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 idan lokaci da lafiya sun ba da dama, a kuma duba kalanda a ga watan da azumi zai faɗo kafin a raba shi ga watanni.